Lambuna na gindin mangwaron Malam

Ranar da yara suka zo min da maganar sare mangwaron, a gindinsa suka same ni a kan tabarma, ban fi sati biyu da fita takaba ba. Yayansu ne ya fara, kansa a sunkuye. Ya ce, "Umma, bishiyar nan ta tsufa, kullum cikin zubar da ganye take, ga saiwarta tana neman tsaga katanga. Da an sare ta an yi miki intalok a tsakar gidan gaba ɗaya, kin huta da shara." Autata ta ƙara da cewa ai duk sauron gidan a nan yake kwana. Na san tausayina ne ya sa su faɗa. Na ce na ji, Allah ya yi musu albarka, amma mangwaro yana nan daram muddin ina numfashi a gidan nan.

Malam ne ya dasa shi da hannunsa a daminar 1989, shekarar da muka tare a gidan nan na Tarauni. Ɗan dashe ne a leda, bai kai gwiwa ba. A gindinsa ya riƙa yin alwala don kada ruwan ya tafi a banza, har ya kafu ya fi ƙarfin akuya. Allah ya yi wa Malam rasuwa a watan Nuwamban 2019. Na yi wata huɗu da kwana gomana a tsakar gidan nan, fitata ke da wuya sai ga korona, aka kulle Kano ranar 16 ga Afrilun 2020. Duk wanda yake garin nan a lokacin ya san yadda watan ya kasance. Kusan kullum sai an bugo waya da rasuwar wani dattijo, kuma ba halin zuwa gaisuwa.

A wannan dogon zaman ne idona ya sauka a kan wani zirin ƙasa da ke jikin katangarmu ta kudu, bayan mangwaron. Tsawonsa taku goma sha biyu, faɗinsa bai wuce taku biyu ba. Shekara talatin ina wuce shi ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Ƙasar ta yi fari fat, ta daskare kamar daɓe, ko ciyawa ba ta fita. Abin da ke wurin sai wata tsohuwar randa mai tsaga, da ƙarafen gado, da tayar motar da aka sayar tuntuni. Na ce a raina, tunda na hana a sare, to sai na raya bayansa. Ina son wurin da zan zauna da hantsi in ga kore a gabana, in kai hannu in taɓa.

Yunƙurin farko bai yi ba. Da aka sassauta kulle, damina ta sauka, na sa aka kai ni wurin masu sayar da dashe a bakin titi can wajen Nassarawa. Ido ya ga ja da ruwan hoda, zuciya ta biya. Na ɗauki ros guda huɗu da wannan fulawar mai ƙaya da ke hawa katanga, mai fure kamar takarda. Na tambayi yaron ko za su yi a inuwa, ya ce, "Hajiya, ko ina kika sa su za su yi." Da muka zo haƙa rami, diga na sauka sai ta ci karo da saiwa, ƙanana rututu kamar taliya, sun saƙe ƙasar gaba ɗaya. Muka dai tura dashen muka rufe. Ros ɗin suka miƙe sirara suna leƙen haske, ganyen ya koɗe, ko fure ɗaya ban gani ba. Kafin a gama kaka duk sun bushe.

Abin da ya buɗe min ido shi ne wata safiya a cikin Agusta. An kwana ana marka, tsakar gida duk ta jiƙe, kwata tana ambaliya. Na je jikin katangar na tona ƙasa da yatsa. Gaɓa ɗaya ce ta jiƙu, ƙasanta kuwa gari ne busasshe. Ashe ganyen mangwaro laima ne, yana tare ruwan ya zubar da shi can gefe inda rassa suka ƙare, katanga ta tare wanda iska ke kaɗowa, ɗan abin da ya samu ya sauka kuma saiwa ta riga kowa shanyewa. Kuma ba saiwar mangwaron kaɗai ba ce. Akwai darbejiyar da ke waje a bayan katanga, wadda ta ratso ta ƙarƙashin gini ta shigo. Darbejiya baƙuwa ce a ƙasar nan, daga Indiya asalinta, zamanin Turawa aka kawo ta, kuma abin da ya sa ta cika titunan Kano shi ne ba ta tsoron fari, duk inda danshi yake sai ta kai saiwa. Manomi yana son gawo a gonarsa saboda da damina yake kaɗe ganyensa, ya bar wa gero rana da ruwa, sai rani ya yi sannan ya tofo. Mangwaro da darbejiya ba su san wannan kara ba. Inuwarsu inuwa ce mai ƙishirwa, kuma duk wanda zai yi shuka a ƙarƙashinsu, maganar ruwa ce a gabansa kafin maganar haske.

Sai na yanke shawarar in bar musu ƙasarsu, in ɗora tawa a sama. A nan ne kuma jikina ya shigo cikin lissafi. Na yi shekara 35 a tsaye gaban allo, daga 1982 har na ajiye aiki a 2017, kuma gwiwoyina sun riƙe kowace shekara a ciki. Yanzu a kan kujera nake salla. Lambun da sai na durƙusa ko na sunkuya zan yi masa aiki, na san wata biyu zai yi ya koma hannun 'yan aike, ni kuma ba abin da nake nema ke nan ba.

A watan Fabrairun 2021 na kira magini. Na sa aka ajiye min kujerar roba a wurin, na zauna, na miƙa hannu iya inda zai kai ba tare da na ɗaga baya ba, na ce masa, "Malam, auna daga nan zuwa nan." Ya samu santimita 60. Na ce to faɗin cikin ke nan, kada ya ƙara ko yatsa. Tsayi kuma bulo uku, wajen santimita 70, a shafe samansa sumul yadda zan zauna a kai kamar dakali. Dakalin shuka muke kiransa har yau. Abu uku na tsaya a kansu sai da ya yi. Na farko, kada ƙasar ta jingina da katangar gida, a yi mata nata bayan daban a bar tazarar tafin hannu, don danshi yana cin gini. Na biyu, a bar ƙofofi a layin ƙasa inda ruwa zai tsiyaye. Na uku, ginin ya tsaya nesa da gindin mangwaron, domin in aka tara wa bishiya ƙasa a wuya ɓawonta ruɓewa yake yi. Wuri ɗaya na yi sake: na bar ƙasan dakalin a buɗe. Shekara biyu da yi, na ga shuka tana yaushi alhali ana ba ta ruwa, muka tona, sai ga saiwar darbejiya ta hauro ta cika ciki kamar soso. Dole aka kwashe ƙasar aka yi siririn daɓe mai gangare zuwa ƙofofin ruwan, sannan aka mayar. Wanda zai yi irin nawa a kusa da darbejiya, ya yi daɓen tun farko.

Rabin ƙasa mun cika shi da ɓaraguzan gini da fasassun tukwane. Rabin sama kuma haɗi ne: baro biyu na ƙasar gona, baro ɗaya na takin tumaki, baro ɗaya na ɓuntun shinkafa da ya kwana biyu a jibge ya yi baƙi. Takin daga turken maƙwabciyata nake samu, musamman bayan Babbar Salla in an share wurin raguna. Amma sai ya ruɓe. Na taɓa zuba ɗanyen kashin kaji a gindin na'a-na'a, kwana uku ta ƙone ƙurmus kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Yanzu hannu nake cusawa cikin tarin. In na ji ɗumi ko wari ya bugi hancina, bai yi ba. In ya yi sanyi, ya yi baƙi, yana marmashewa yana ƙamshin ƙasar farkon damina, to ya nuna.

Sai maganar rana, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki, domin labarin ƙasa na koyar duk tsawon aikina. Lokacin takaba hunturu ne, kuma kullum na duba sai in ga zirin nan cikin inuwar katanga tun safe har yamma. Da wannan na yi lissafi. Na dasa masu son inuwa daga wannan kai zuwa wancan a ƙarshen Fabrairu, suka kama, na ji daɗi. Afrilu na shiga sai inuwar katangar ta riƙa janyewa tana maƙalewa a gindin gini, har ta ɓace. Duk abin da ke ƙarshen yamma, inda rassan mangwaro ba su kai ba, ranar la'asar ta soye shi cikin sati guda. Kowa ya san zafin Afrilu a Kano, yadda yake haura digiri 40, iska ta tsaya cak.

Dalilin kuwa na sha zana shi a allo. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai tsakar kanmu, wajajen 21 ga Afrilu da kuma wajajen 21 ga Agusta. A ranakun nan in ka kafa sanda da rana tsaka, inuwarta a gindinta take. Tsakanin waɗannan ranaku biyu rana ta arewa da mu take bi, inuwa ta faɗa kudu, wato ta tsallaka bayan katangata ta koma waje. Daga ƙarshen Agusta sai ta juyo, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har a ƙarshen Disamba inuwar katanga da rana tsaka takan kai kashi bakwai cikin goma na tsayinta. Ma'ana katangar tana ba ni inuwa lokacin sanyi da ba na matse da ita, ta janye a bazara da nake nemanta ido rufe. Kakana a cikin gari da tafin ƙafa yake auna inuwarsa ya san azahar ta yi, kuma ya san awon hunturu daban yake da na bazara. Su sun san abin a jikinsu. Ni sai da ganye ya ƙone a gabana na haɗa zanen allo da katangar gidana.

Daga nan na ɗauki shekara guda ina bin inuwa. Kowace Juma'a, da hantsi da azahar da la'asar, nakan ɗauki gawayi in ja layi a jikin dakalin inda rana ta tsaya, in rubuta a wani tsohon littafin rajista. Da shekara ta zagayo sai na ga ashe wuri uku gare ni a cikin taku goma sha biyun nan. Ƙarshen gabas yana samun ranar safe mai laushi zuwa wajen ƙarfe goma. Tsakiya, ƙarƙashin mangwaro sosai, rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo ta tsakanin ganye. Ƙarshen yamma kuwa inuwa ne rabin shekara, rabin shekara kuma murhu.

Tsakiyar ce ta fi wuya, kuma moda ce ta fara rufa min asiri. Yayata da ke cikin gari ce ta aiko min da ita a tsohon bokiti, ta ce, "Wannan ko a bayan ɗaki kika jefar da ita sai ta rayu." Ganyenta tsaye yake kamar takobi, kore mai ratsi-ratsi, mai kauri, kuma a da daga jikinta ake fitar da zare a tufka igiya. Ba ta neman rana, ba ta neman ruwa da yawa, hasali ma yawan ruwa ne yake kashe ta, gindin ya yi laushi ya ruɓe. In kana son ƙari sai ka yanki ganye guntu-guntu, ka bar bakin yankan ya bushe kwana biyu, ka soka a rairayi ta ɓangaren da yake ƙasa tun asali. Tana ɗaukar watanni kafin ɗan ya leƙo, amma yana leƙowa. Daga bokiti ɗaya yanzu ina da layi guda a jikin bayan dakalin, na kuma raba wa gida biyar.

A gabanta na sa shuka-halinka, wadda ganyenta in ya faɗi ƙasa sai 'ya'ya su tsiro a kowane lungu na gefensa. Jikokina sun fi son ta da komai. Sukan tsinki ganye su ɗora a kan danshi su riƙa zuwa dubawa kullum. Sai kuma wadda nake kira gwazar ado, mai ganye irin na gwaza sak amma da ja da fari a tsakiya kamar an yi masa zane. Daga Kudancin Amurka aka samo ta, kuma ita ce hasken wurin duk damina. Shekarar farko, sanyi na shigowa sai ganyen ya kwanta ɗaya bayan ɗaya har wurin ya zama fili. Na ɗauka ta mutu. Na zo da ƙaramar fartanya zan cire in sa wani abu, sai na tono ɗan kanta, da ƙarfinsa, ba ruɓa ko kaɗan. Na mayar na rufe, na daina ba wurin ruwa. A watan Mayu, bayan ruwan farko, sai ga wani tsinke ja ya huda ƙasa, a nannaɗe kamar takarda, kwana uku ya warware ya zama ganye. Barci take yi duk rani. Sai dai ina ja wa yara kunne a kanta, ba a kai ta baki, ƙaiƙayinta irin na ɗanyar gwaza ne, yana kama harshe da maƙogwaro.

Ƙarshen gabas na ba wa kayan kicin. Na'a-na'a tana can, amma a cikin bokitin da na huda na binne, don in aka sake ta sai ta mamaye dakalin duka. Sai citta da kurkur. Waɗannan biyu a kasuwar Yankaba na sayi ɗanyunsu, na zaɓi masu ido, na kakkarya, na binne zurfin yatsa a watan Mayu. Citta ta fi son ƙasa mai yawan ruwan sama irin ta kudancin Kaduna, wajen Kachia, inda ake nomanta sosai, don haka a nan ba ta yi min yawa, sai dai abin shayi. Kurkur kuwa ya karɓi wurin hannu bibbiyu. Ganyensa fafaɗa ne, yakan kai ƙugu, ko ba a ci ba ya isa ado.

Ƙarshen yamma na daina jayayya da shi. Na sa alobera da ɗaɗɗoya, na dasa lalle a can ƙurya, wanda yanzu ya yi tsayi har shi ma yana tare wa na bayansa ranar la'asar. A tsakanin yamma da tsakiya kuma akwai albasar kwaɗi guda uku da wani ɗan ƙanena ya haƙo min daga fadama a wajen Kura. Duk shekara ganye ne kawai, amma in ruwa ya sauka sai ta harbo kara mai kauri cikin 'yan kwanaki, ta buɗe fure fari mai jan ratsi a tsakiyar kowane kunne. Da magariba ƙamshinsa yake tashi. Kwana kaɗan yake yi ya faɗi, shi ya sa in ya buɗe a nan nake cin tuwon dare. Ita ma suna ne kawai na albasa, guba ce, ba a haɗa ta da kayan miya.

Ruwa shi ne kuɗin lambu a Kano. Famfonmu ya daɗe da yin shiru, da 'yan ga-ruwa muke rayuwa, kuma ba zan iya ɗaukar jarka ba ko da rabi ce. Dabarar da ta cece ni ta tulu ce. Na sayi tulunan ƙasa guda biyar, irin waɗanda ba a shafe su da komai ba, na sa aka binne su har wuya a jere cikin dakalin, taku biyu tsakanin kowanne. Ana cika su, a rufe baki da murfin kwano. Jikin tulu yana tsattsafo da ruwa a hankali, kamar yadda randa take gumi, kuma in ƙasar ta bushe ya fi saki, in tana da danshi ya rage. Da na ɗaga ɗaya bayan shekara, saiwar kurkur ta rungume shi ta ko'ina. A bazara duk kwana biyu ake cikawa, a hunturu ya kan kai kwana huɗu ko biyar, da damina kuwa mantawa nake da su. Buta ta ishe ni wannan aiki, ina zaune a bakin dakali. Ban da haka, na ajiye baho a inda nake alwala, da wani a kicin na ruwan wankin shinkafa da kayan miya. Duk a lambu suke ƙarewa. Ruwan wanki mai omo ko bilic ne kawai ba na bari ya kusanci wurin.

Gara ta gwada ni. An ce min in lulluɓe ƙasar da busasshen ganye don danshi ya daɗe, kuma gaskiya ne yana daɗewa, amma na tara shi da kauri har jikin shuka, sai gara ta samu gida. Wata safiya na taɓa karan ɗaɗɗoya ya faɗi, cikinsa duk ƙasa. Yanzu shimfiɗa ɗaya siririya nake yi, in bar tazara a kewayen kowane kara, in yawaita ganyen darbejiya a ciki saboda ɗacinsa yana rage ƙwari. Ganyen mangwaro kuma, da yake yana da taurin ruɓewa, rami na sa aka yi masa a lungu. Sharar da yara suke tausaya min a kanta can take tafiya, ana yayyafa mata ruwa da toka kaɗan, bayan damina ta fito baƙar ƙasa.

Maganar autata ta sauro ban watsar da ita ba, domin tana da gaskiya. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, don haka ba tulun da yake kwana a buɗe, ba gwangwani ko faranti a ƙarƙashin tukunya. Ina rage ganyen ƙasa-ƙasa don iska ta ratsa, kuma don in riƙa ganin gindin komai, saboda kunama da abin da ya fi kunama. Baƙin da na samu dai na alheri ne. Akwai wani kwaɗo da ya tare a bayan tulu na uku, da magariba yake fitowa farauta. Kurciyoyi biyu suna sauka shan ruwa in ina cika tuluna. Ranar da na fara ganin tana a cikin ƙasar nan, a daminar 2022, na daɗe ina kallonta a tafin hannuna, domin a wurin da diga take tsalle a da ne.

Wata ƙawata da muka yi aiki tare ta zo ta same ni ina soka yankan moda a rairayi. Ta ce, "Hajiya, a shekarun nan namu, yaushe za ki jira wannan ya girma?" Ba da mugun nufi ta faɗa ba, ita ma gwiwar ce ta dame ta. Na tuna mata hadisin da muka koya tun muna Islamiyya, cewa duk Musulmin da ya dasa ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Malam bai san zai bar mangwaron nan ya tafi ba, ga shi har yau duk Afrilu yaran layinmu suna sallama a ƙofa a ba su. Da za ta tafi na naɗe mata ganyen shuka-halinka biyu a takarda. Bayan wata guda ta bugo waya tana tambayar yadda ake binne tulu.

Aikin da na fi so na hunturu ne. Ƙura takan kwanta a kan ganye har moda ta koma ruwan toka, kuma ganyen da ke inuwa, wanda dama haskensa kaɗan ne, in ƙura ta rufe shi ya shiga uku. Bayan rana ta ɗan ɗaga nakan fito da mayafi mai kauri, in zauna a bakin dakali da ruwa a kwano da tsohon ɗankwali. In tallafi ganye da hannun hagu, in shafo shi daga gindi zuwa tsini da na dama. Shafa ɗaya ratsin yake fitowa, kore shar, ruwan kwanon kuma ya koma ja. Ganye arba'in da wani abu ne, ba na gaggawa, nakan yi rabi yau rabi gobe, rediyo tana gefe.

Satin da ya wuce muka haƙe kurkur. Wata takwas ke nan da binne shi, ganyen ya yi rawaya ya kwanta tun ƙarshen Disamba, na bar shi ya ƙara sati uku ba ruwa. Jikata ta wajen babban ɗana, mai shekara tara, ita ta hau kan dakalin da ƙaramar fartanya, ni ina zaune ina nuna mata inda za ta sara nesa da gindi don kada ta yanke shi. Da ta ɗago curin farko ta girgiza, sai ga 'ya'ya sun jeru kamar yatsu. Ta karya ɗaya, cikin ya fito ruwan lemo mai haske, ƙamshi ya tashi. Ta ce, "Hajiya, dubi hannuna!" Ya rine har farce. Mun samu kwano ɗaya da rabi daga wurin da bai fi tabarmar salla ba. Uban nata yana tsaye a gindin mangwaron yana kallonmu, can ya ce in an daka a ajiye masa nasa.

Na ware masu manyan ido guda goma sha biyu na iri. Tsohuwar randar nan mai tsaga, da na hana a jefar lokacin da aka kwashe tarkace, na cika ta da busasshen rairayi na binne su a ciki, na jingine ta a lungun da ya fi sanyi. A nan za su zauna sai ruwan Mayu ya sauka.